Cartier Tank: ɗan agogo mai kusurwa huɗu da ya shekara fiye da 100 bai tsufa ba

Tambaya: Wani ɗan'uwa ya ce ya ga agogon Cartier Tank a wani shago a Dubai. Ɗan ƙarami ne, siriri, awa da minti kawai yake nunawa, wanda aka nuna masa ma batir ne a cikinsa, amma kuɗinsa ya haura dala 3,000. Yana son sanin tarihin agogon, da abin da mutane suka gani a jikinsa, da kuma ko ya cancanci wannan kuɗi.

Malam, idonka bai yaudare ka ba. Agogon ƙarami ne, kuma in inji kake nema akwai agoguna da dama da suka fi shi a rabin kuɗinsa. Na daɗe ina buɗe agoguna ina rufewa, don haka ba zan ɓoye maka ba: wanda ya sayi Tank, zane ya biya wa kuɗi, injin biyo baya ya yi. Sai dai zanen ba na wasa ba ne. Tun 1917 aka yi shi, kuma har yau ba a sami wanda ya ƙara masa wani abu ya fi kyau ba. Kafin ka gane dalili, sai mun koma zamanin da namiji ke jin kunyar ɗaura agogo a hannu.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, agogon namiji a Turai na aljihu ne, zagayayye, da 'yar sarƙarsa. Na hannu kayan adon mata ne, tare da awarwaro ake lissafa shi. Yaƙi ne ya sauya wannan. Hafsan soja yana cikin rami, bindiga a hannu, an ce masa ya fito da mutanensa daidai mintin da manyan bindigogi za su yi shiru, ina ya ga sukunin lalube a aljihu? Sai masu agogo suka ɗauko na aljihu, suka liƙa masa 'yan kunnuwan waya sama da ƙasa, suka zura fata a ciki. Yana aiki, amma kallo ɗaya za ka san haɗin gambiza ne. Agogon daban, maɗaurin daban, kowa na harkarsa.

Gidan Cartier kuwa ba masu haɗa injin agogo ba ne tun asali. Maƙeran zinare da lu'ulu'u ne. Louis-François Cartier ya kafa gidan a birnin Faris a 1847, jikokinsa uku suka raba duniya a tsakaninsu: Louis a Faris, Jacques a Landan, Pierre a New York. Sarakunan Turai da na Indiya ne abokan cinikinsu. Louis, wanda shi ne mai idon zane a cikinsu, ya kalli agogo yadda maƙerin zinare ke kallon zobe: yaya zai zauna a jiki, yaya layukansa za su bi gaɓa. A 1904 ya yi wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan Birazil, agogon hannu mai kusurwa huɗu don ya riƙa duba lokaci ba tare da ya saki sitiyari ba. Wannan shi ne Santos, wanda ya shiga kasuwa a 1911. A 1907 kuma ya ƙulla yarjejeniya da Edmond Jaeger, wanda ke samo masa injuna sirara ƙwarai daga masana'antar LeCoultre ta Suwizalan. Ka riƙe wannan, domin in babu siririn inji babu siririn agogo, kuma da Tank ya yi kauri da tuni an manta da shi.

Labarin da kamfanin ke bayarwa shi ne, Louis ya samo siffar daga tankar yaƙi in an kalle ta daga sama: jiki a tsakiya, dogayen sarƙoƙin ƙafa biyu a gefe sun zarce jikin gaba da baya. Tankokin Ingila sun fara shiga fagen daga a watan Satumba 1916, ƙaramar tankar Faransa Renault FT wadda aka fi jingina labarin gare ta kuwa sai a watan Mayu 1918 ta yi yaƙinta na farko. Ana kuma cewa an ba Janar John Pershing na Amurka samfurin farko kyauta. A nawa ganin, tanka ta ba agogon suna da farin jini a lokacin da kowa a Faris ke zancenta, amma tunanin ya samo asali ne daga Santos. Matsala ɗaya Louis yake ta juyawa a kansa shekara da shekaru, wato yadda maɗauri zai haɗu da agogo ba tare da an ga wurin haɗin ba.

Ga yadda ya warware ta. Ya miƙar da sanduna biyu madaidaita, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya sa fuskar agogon a tsakaninsu. Sandunan su ne gefen akwatin, kuma da suka zarce fuskar kaɗan sama da ƙasa, su ne dai kunnuwan da ke riƙe fatar. Babu wani abu da aka liƙa. Faɗin fatar daidai yake da faɗin fuskar, don haka ido yana bin layi guda tun daga maɗaurin, ya ratsa gilashin, ya sauka ɗaya ɓangaren ba tare da ya yi tuntuɓe ba. In ka ɗaura shi za ka ga kamar ɗamara ce guda da aka buɗe wa taga a tsakiya. Yau abin yana kama da mai sauƙi saboda kowa ya kwaikwaya, har a Turai da Amurka duk agogo mai wannan siffa "tank" ake ce masa ko wane ne ya ƙera shi. A 1917 babu mai irinsa.

Fuskar ma an yi mata tunani. Fara ce ko ruwan madara, lambobin Rumawa baƙaƙe sun baje kamar haske yana fita daga tsakiya, waɗanda ke kusurwa sun ɗan miƙe don su cike wurin. Ƙarfe 4 ana rubuta shi IIII, ba IV ba, don nauyinsa ya yi daidai da VIII da ke ɗaya gefen. A ciki akwai layi biyu da 'yan gaɓoɓi kamar titin jirgin ƙasa, shi ke ƙirga mintuna. Hannuwan shuɗi ne, kuma ba fenti ba ne: ƙarfe ake gasawa zuwa wajen digiri 300 har ya rikiɗe ya yi wannan launi, in aka wuce da 'yan daƙiƙu ya ɓaci. A kan maɓallin wani, wato wanda ake murɗawa don agogo ya yi tafiya, akwai ɗan dutse shuɗi mai santsi, yakutu a na zinare, na haɗi a na ƙarfe. Iyakar adon ke nan. Ni abin da ya fi burge ni shi ne abin da Louis ya hana kansa sawa, alhali gidansu cike yake da lu'ulu'u.

A 1919 aka fara sayar da shi, kuma guda 6 kacal aka yi a shekarar. Masu bin tarihin gidan sun ƙiyasta cewa daga 1919 zuwa 1969 duk Tank ɗin da aka ƙera bai kai 6,000 ba. Shi ya sa na wancan zamani ke tsada a gwanjo. A cikin waɗannan shekaru aka yi ta juya siffar: Cintrée a 1921, dogo mai lanƙwasa da ke kwanciya a wuyan hannu, Tank Louis Cartier a 1922, wanda aka tausasa wa kusurwoyi, shi ne kuma wanda yawancin mutane ke nufi in sun ce Tank, Chinoise a shekarar dai, à Guichets a 1928, wanda ba shi da hannuwa sam, fuskarsa rufaffen ƙarfe ce da 'yan tagogi biyu, ɗaya na awa ɗaya na minti, sai Asymétrique a 1936, da aka karkatar har 12 ta koma kusurwar dama. An miƙar da shi, an lanƙwasa shi, an karkatar da shi, an rufe masa fuska, amma sandunan nan biyu suna nan, kuma daga nesa za ka gane shi.

Tun da zancen agogo mai kusurwa huɗu ake, ba zai yiwu a tsallake Reverso na Jaeger-LeCoultre ba, babban abokin hamayyarsa. An yi shi a 1931 saboda hafsoshin Ingila masu wasan folo a Indiya da gilashin agogonsu ke fashewa: ana zame shi gefe a kifa shi, bayansa na ƙarfe ya fuskanci waje. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin folo na Katsina ko Kano ko Kaduna ya ga gudun ƙwallon nan ya san dalilin. In aikin inji da dabarar akwati ke ba ka sha'awa, Reverso ya fi Tank, kuma ba na shakkar faɗa. Tank ya fi shi sirantaka da sauƙin zama da kowace tufa.

Sai kuma waɗanda suka ɗaura shi, don su ma sun taimaka. Rudolph Valentino, tauraron fina-finan Amurka, ya ƙi cire nasa a fim ɗinsa na ƙarshe a 1926, duk da cewa ɗan sarkin Larabawan sahara ya fito. Duke Ellington mawaƙi yana da mai tagogin nan. Akwai sanannen hoton Muhammad Ali na 1976 da ɗan siririn Tank a wannan hannu da ya kayar da George Foreman, kuma wannan hoto kaɗai ya isa amsa ga mai cewa ƙaramin agogo na mata ne. An rawaito cewa Andy Warhol, mai zane, ko wani ba ya yi wa nasa, ɗaura shi kawai yake yi. Gimbiya Diana tana da shi, Michelle Obama ta sa na ƙarfe a hotonta na hukuma a 2009. Na Jacqueline Kennedy, wanda mijin ƙanwarta Yarima Stanislaw Radziwill ya ba ta a 1963, an sayar da shi a gwanjon Christie's a 2017 kan dala 379,500. Ɗan dambe, mawaƙi, gimbiya, matar shugaban ƙasa, babu abin da ya haɗa su, kuma ya dace da kowannensu.

Wani abu da masu talla ba sa son daɗewa a kansa shi ne cewa agogon ya kusa zama tarihi. Iyalin sun sayar da rassan ɗaya bayan ɗaya tsakanin shekarun 1960 zuwa 1974. Ana cikin haka Seiko ta Japan ta fitar da agogon hannu mai batir a watan Disamba 1969, wanda ya fi kowane agogon da ake yi wa wani daidaito, cikin 'yan shekaru kuma ya zama mai araha. Ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 zuwa wajen 30,000. Sababbin masu Cartier, Robert Hocq da Joseph Kanoui, tare da Alain-Dominique Perrin, suka yi abin da tsofaffin abokan ciniki suka ɗauka zubar da daraja ne. A 1977 suka fitar da Tank na Must de Cartier, azurfa da aka yi wa wankan zinare, da fuska ja ko baƙa ko shuɗiya, kan wajen dala 500, daga baya ma suka sa masa batir. Aka saye shi kamar me. Wannan ne ya raya gidan, kuma ya nuna abin da nake faɗa maka tun farko: an cire zinare tsantsa, an cire injin wani, mutane ba su fasa so ba. Kamfanonin da darajarsu ke cikin inji sun sha wuya a lokacin, wanda darajarsa ke cikin siffa ya tsallake. Tank Américaine ya biyo baya a 1989, Tank Française mai sarƙa a 1996. Yau Cartier na ƙarƙashin Richemont, rukunin da Johann Rupert ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 1988, kuma a La Chaux-de-Fonds ta Suwizalan babbar masana'antar agogonsu take.

To me ya hana shi tsufa? Hannuwan agogo da'ira suke zagayawa, don haka zagayayyen agogo biyayya yake wa inji. Amma wuyan hannun mutum ba da'ira ba ne, shimfiɗaɗɗe ne, maɗauri kuma miƙaƙƙe. Tank ya zaɓi ya bi jikin mutum. Na biyu, bai taɓa bin yayi ba. A shekarun 2000 an yi yayin manyan agoguna masu faɗin milimita 45 zuwa sama, yau yawancinsu suna cikin durowa, masu su na jin nauyin fito da su. Tank bai ƙara ƙiba don ya burge kowa ba, da yayin ya wuce aka same shi inda aka bar shi. Kamar farin kaftani ne da tela ya yanka daidai jiki ba tare da aiki mai yawa ba: za ka je ɗaurin aure da shi, ka je ofis, ka je ta'aziyya, kuma hotonka na shekara 30 baya ba zai ba ka kunya ba. Na uku, yana shigewa ƙarƙashin hannun riga. Ba ya kiran mutane su zo su gani. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba ya ga ɗan agogo mai tsafta. A wurina wannan kunya tasa ita ce rabin kyansa. Uba zai ɗaura, 'yarsa ta gada ta ɗaura, ba wanda zai ce bai dace ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, domin mai shago ba zai faɗa maka ba. Akwati mai kusurwa ya fi zagayayye wuyar toshewa daga ruwa. Yawancin Tank an rubuta musu mita 30, kuma wannan gwajin matsi ne na ɗakin gwaji, ma'anarsa yayyafi da fantsamar wanke hannu, ba wanka ko iyo ba. Mu da ke alwala sau biyar a rana, sai dai a cire a ajiye kowane lokaci. Maɗaurin fata ba ya shiri da ruwa da zufar bazara, zai yi wari ya tsattsage, kuma na asali ba araha gare shi ba. Ƙurar hunturu ma tana samun hanya in robar da ke toshe bayan ta bushe. Tsoho na kafin shekarun 1970 kuwa, ɗauka cewa ba ya jure ko ɗigo.

Sai batun zinare. Tank Louis Cartier ba a yin sa da ƙarfe, sai zinare ko makamancinsa a tsada, kuma farashinsa ya haura dala 10,000. Ga namiji Musulmi hukuncin sa zinare sananne ne, kuma kada farin launi ya ruɗe ka, farin zinare ma zinare ne. Tsohon Must na azurfa mai wankan zinare, wannan ka kai wa malaminka tambaya kafin ka biya. Na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin Tank Must na yanzu ko Française, ya raba ka da wannan damuwa gaba ɗaya.

Game da batir da ya ba ka mamaki, ni ban ɗauke shi aibu a wannan agogon ba. Yawancinsu ba su da hannun daƙiƙa, don haka ba za ka ga tsalle-tsallen da ke tona asirin mai batir ba, kuma ba ya buƙatar kulawa sosai. Abu ɗaya, kada ka bar mataccen batir a ciki, yana yoyo ya cinye injin. A 2021 sun fitar da mai amfani da haske, SolarBeat, wanda haske ke ratsawa ta cikin lambobin Rumawan da kansu zuwa faifan da ke ƙasa, kamfanin ya ce zai yi wajen shekara 16 kafin a taɓa shi. Amma in kana cikin masu jin daɗin murɗa maɓalli kowace safiya su ji agogo ya farka, nemi na wani, kuma ka shirya kai shi a wanke a sa masa mai duk bayan shekara 5 ko kusa da haka, wurin wanda ya san aikinsa.

Kada ka saye shi da niyyar jari. Sabon Tank na yau da kullum, da ka fita daga shago ya sauka ƙasa da abin da ka biya. Waɗanda ke tashi a gwanjo su ne tsofaffin da aka yi kaɗan da waɗanda wani sananne ya ɗaura.

Jabu kuwa ya cika duniya, tun shekarun 1980 Cartier ke tara su tana bi ta kansu da motar daɓe titi a gaban 'yan jarida, ba su ƙare ba. Ɗauki madubin ƙara girma ka duba lamba VII, a wasu kuma X: ɗaya daga cikin siraran layukan ba layi ba ne, sunan CARTIER ne da ƙananan haruffa. Rashinsa a agogon zamani alama ce mara kyau, amma samunsa ba hujja ba ce, masu jabu sun koya. Juya hannuwan a haske, gasasshen ƙarfe yana sauyawa daga shuɗi zuwa kusan baƙi, fenti kuwa launi ɗaya yake tsayawa. Rubutun baya ya zama mai zurfi da tsafta, kusoshin gefe su zama na gaske masu kwancewa. In wanda aka taɓa amfani da shi ne, duba kusurwoyin sandunan: wanda aka goge da inji sau da yawa sun narke sun yi laushi, kuma tunda siffar ce kake saye, wannan ya rage masa daraja ƙwarai. Haka fuskar da aka sake wa fenti. Sabo daga shagon Cartier ko dillalin da suka amince da shi yana zuwa da takardunsa, kuma in ka yi masa rajista garantin na iya kaiwa shekara 8. Wanda ya ce zai ba ka sabo a kwali kan kuɗin Seiko 5, ka gode masa ka wuce.

Ko ya cancanci kuɗin? In agogo ɗaya kake so da zai bi ka gona da kasuwa da doguwar tafiya, ya sha ruwa ya sha ƙura, a'a, Seiko ko Casio za su fi yi maka hidima, ka riƙe sauran kuɗinka. In kuwa kana da halin saye ba tare da ka taɓa haƙƙin iyali ba, kuma abin da kake so shi ne abu mai kyau da ba za ka gaji da kallonsa ba, to ya cancanta, kuma ina faɗar haka da zuciya ɗaya. A yanayinmu zan ba ka shawarar Tank Must na ƙarfe, ko Française in kana son sarƙa saboda zufa. Kada ka zaɓi girma daga hoto. Ɗaura matsakaici da babba a shagon, ka tsaya nesa da madubi ka kalli hannunka gaba ɗaya. Sandunan kada su kai bakin wuyan hannunka, a bar fata ta fito sosai sama da ƙasa. Maza da yawa suna shiga da niyyar ɗaukar mafi girma, su fito da wanda bai kai shi ba.